Ƙafata a Hannun Mai Sa Gilashi

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya bar mini ƙafar da na yi iya ƙoƙarina in rabu da ita. Sunana Tanko, amma a Sanayya, unguwar garejojin Doha, in ka ce Tanko ba wanda zai gane, sai ka ce Baba Guduma. Aikina buga jikin mota, in ta lotse in miƙe ta. A Fantekar Kaduna na koya, kuma shekaruna sun haura hamsin da biyar, ko da yake fasfona ya yi mini rangwame. Boko aji uku na yi aka kore ni, don na ɗaure akuya a keken hedimasta. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa. Na yi shi ne don 'yan'uwana na gareji, musamman tsofaffin da suke ganin sun fi likita sani, irina.

Mu shida ne a ɗakinmu, gadaje uku masu hawa biyu. Mutum biyu labarin ya shafa. Akwai Seidu, makanike daga Zangon Kumasi, abokin tsiyata. Akwai kuma Bitrus, Kirista daga Tafawa Ɓalewa, ƙato mai shekara arba'in da wani abu, aikinsa sa gilashin mota. Bitrus in ya rufe ƙofa ba ka jin ƙara. In zai ajiye kofi sai ka rantse ƙwai ne. Saboda haka na raɗa masa Amarya, sunan kuma ya kama har Indiyawan garejin suna kiransa da shi ba su san ma'anarsa ba. Shekara uku ina zuba masa gishiri a shayi, ina cika masa aljihu da notina. Iyakarsa ya yi murmushi ya ce, “Baba ke nan.” Wannan ya fi komai ba ni haushi, don tsokanar da ba a rama ba kamar tuwo ne ba miya.

Makon farko abin dariya ne. Na dawo aiki da yamma na cire takalmin sefti, sai na ga safata ta jiƙe da jini. Ashe wani sukuru ne ya huda tafin takalmin ya shige mini ƙasan ƙaramin yatsa, kuma da shi na yini ina aiki ban ji ba. Maimakon in tsorata sai na ɗaga ƙafar ina nuna wa 'yan ɗaki.

“Ku zo ku ga jikin maza! Ƙarfe ya shiga ƙarfe!”

Seidu ya jawo wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin gadonsa. Duk wanda ya tashi a gareji ya san ta: man birki. Da shi iyayen gidanmu suka yi mana maganin kowane yanka tun muna yara, a tsiyaya maka ka yi tsalle ka yi ihu, gobe ka koma aiki. Ya tsiyaya mini. Shiru. Ni kuwa tun tasowata na yarda maganin da bai yi zafi ba bai yi aiki ba, don haka na ce ya ƙara. Ya ƙara har ya sauka a kan leda.

Bitrus yana gefe yana kallo. Ya ce, “Baba, ƙarfe ya yini a ƙafarka ba ka ji ba. Wannan ba jarumta ba ce. Mu je asibiti.”

Na ce, “Amarya, tashi ki ɗora mana shayi, maza na magana.”

A mako na biyu ƙafar ta kumbura, takalmi ya fara ƙin shiga, wari ya fara fita. Na gaya wa mai ɗakina Hajara a waya cewa ɗan tuntuɓe na yi. Kafin la'asar labari ya zaga dangi, saƙonnin murya suka yi ta shigowa. Wani ya ce garin bagaruwa, wani ya ce zuma da toka, wani ƙanina ya ce ba shakka wani abu na taka da aka binne mini, kamar akwai wanda zai biya kuɗin jirgi ya zo har Katar don ya binne wa Tanko laya. Yayata Lami ita ce ta yi magana da ƙarfi, ta ce, “Tanko, gashi za ka yi. Ruwa mai zafi sosai da tsumma, ka danna har sai mugun jinin ya watse. Kada ka ji tausayin kanka.”

Wannan shawara ta yi mini daɗi, don ta yi kama da ni. Ranar Juma'a da hantsi, ranar hutunmu, Bitrus ya tafi cocinsu, don a nan Kiristoci ma Juma'a suke zuwa. Na tafasa ruwa a butar lantarki, na juye a roba, na tsoma tawul na danna. Ban ji komai ba. Na ce ruwan Doha ma ragon ruwa ne, na sake tafasa wani, na tsoma ƙafar gaba ɗaya. Ina zaune ina sauraron wa'azi a waya, ƙafata tana dahuwa. Da na ciro ta, fatar bayanta ta saluɓe kamar tumatirin da aka gasa.

A haka Bitrus ya shigo da kayan cocinsa, farar riga mai guga. Bai ce “ai na faɗa maka” ba. Ya durƙusa ya juya mini baya. Daga hawa na biyu ya goyo ni har bakin titi, ni ina ta cewa ya sauke ni mutane na kallo, ruwan ƙafata yana ɓata masa wando.

Asibitin ma'aikata sai wanda ya je. Ka ja lamba ka zauna cikin 'yan Nefal da 'yan Bangaladash da 'yan Kenya, kowa riƙe da inda yake masa ciwo, allo yana ta kiran lambar da ba taka ba. Amma da wata nas ta leƙa ƙafata sai layi ya ƙare. Ta soki yatsana ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake dubawa, ta kira 'yar'uwarta ita ma ta duba. Aka tura ni babban asibiti a motar ujila. Can Allah Ya haɗa ni da likita 'yar Zariya, ƙanƙanuwa, sa'ar 'yata ta fari, mai tabarau.

“Baba, me ka zuba a ciwon nan?”

“Man birki, 'yata.”

Ta cire tabarau ta dube ni. “To, birkin ya kama?”

Daga nan ba ta sake wasa ba. Ta ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikina yana cin jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Maganarta da ta zauna mini ita ce, “Ƙafarka ta daina kawo maka ƙara, Baba. Ko wuta take ci ba za ta gaya maka ba.” Yatsu biyu na ƙarshe sun riga sun yi baƙi, ta ce waɗannan sai haƙuri. Sannan ta ɗauki biro ta ja layi ta zagaye ƙafar, sama da idon sawu kaɗan, inda jan kumburin ya tsaya.

“In jan nan ya haye layin nan, ba yatsu za mu yi magana ba, ƙasan gwiwa ne. Daga yau wannan jaririya ce. Ba zafi, ba dannawa, ba takawa.”

Aka shiga da ni tiyata na fito da yatsu takwas. Na yi kwana tara a gadon asibiti, kuma in faɗi gaskiya sun kula da ni, sai dai abincinsu kamar an wanke shi kafin a kawo. Aka sallame ni da sanduna biyu da jakar magani da allurar da zan riƙa yi wa kaina a ciki. Sau biyu a mako in koma a duba, sauran kwanakin a wanke a ɗaki.

A nan ne aka rufe ni. Gadona na sama ne, Bitrus ya koma can ya ba ni nasa na ƙasa. Da asuba motar kamfani ta kwashe kowa, sai ni da ƙarar esi. Lokacin zafi ne, irin wanda in ka buɗe ƙofa iska ta mare ka kamar bakin tanda. Tagar ɗakin bangon wani sito take kallo, ko tsuntsu ba ya giftawa. Sama da fuskata wayoyin gadon Bitrus, na san kowace da inda ta yi tsatsa. Banɗaki yana ƙarshen baranda, tafiyar da da nake yi ina waƙa, yanzu sai na yi shawara da cikina tukuna. An hana ni shayin karak mai madara da suga, an hana ni farar shinkafa, an hana ni taka ƙasa. Gida ma ba dama: likita ta ce ba hawa jirgi da ɗanyen ciwo, mudir kuma, wato manajan garejinmu, ya aiko cewa ya ba ni wata biyu, in ban tsaya da ƙafata ba, halas, shi ke nan, kafil, wato wanda ya ɗauko ni aiki, zai soke biza. Hajara kuwa har lokacin tuntuɓe ta sani. In ta kira da bidiyo sai in ja bargo in ce sanyin esi ne.

Seidu ne ya fara gwada wankin ciwon, don yana ganin da hannunsa a ɓarnar. Ya kama bandejin ya fizge kamar yana cire tsohon gasket ɗin inji, jini ya ɓalle, shi kuma ya ruga baranda yana kakarin amai. Ya dawo yana share baki ya ce, “Masta, ni injin na iya. Injin ba ya wari haka.” Sai aikin ya faɗa kan Bitrus. Ya bi ni asibiti nas ta nuna masa sau ɗaya.

Kullum in ya dawo aiki, kafin ya ci abinci, sai ya wanke hannu har gwiwa, ya shimfiɗa tawul a cinyarsa ya ɗora ƙafar. Ba ya jan bandeji. Ruwan gishirin asibiti yake ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ya jira, ya ƙara, har ya saki da kansa. Ruwan da zai goge mini sauran ƙafar kuwa sai ya tsoma gwiwar hannunsa a ciki ya ji ɗuminsa tukuna. Ya share tsakanin yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. In layin likita ya fara gogewa ya maimaita shi da bironsa, daidai inda yake, ba ya matsar da shi ko da na roƙe shi. Abin da Seidu zai yi a minti biyu sai ya kai mu kiran magariba.

Ni kuwa ina ta ƙuna. Mutumin da na yi shekara uku ina mayar da shi abin dariya, ga shi da ruɓaɓɓiyar ƙafata a cinya, fuskarsa ko yamutsewa ba ta yi.

“Yalla, yi sauri, Amarya! Danna ki matse abin ya fita. Ai ba na ji.”

“Don ba ka ji shi ya sa nake ji maka.”

“Haka kuke ɓata wa masu mota lokaci.”

“Baba, gilashi ba ya jin guduma. In ka matsa masa a kusurwa ɗaya, a ɗaya kusurwar zai tsage, kuma ba ranar ba, sai mai mota ya kai gida.” Ya ɗiga ruwa ya jira. “A wurinmu an koya mana cewa abin da Allah Ya yi da taushi, ɗanyen tsiro, ɗan maraƙi, zuciyar wanda ke cikin ciwo, ba don Ya raina shi Ya yi shi haka ba. Don a riƙe shi da hannu biyu ne. Makiyayin kirki da tafiyar ɗan maraƙi yake kora garke, ba da ta bijimi ba.”

“Wato ni ne ɗan maraƙin?”

“A'a. Kai tsohon sa ne mai ƙafar maraƙi.”

Seidu ya yi dariya har ya ƙware. Ranar ce Bitrus ya fara rama mini, kuma wallahi ta fi mini allurar amfani.

A mako na biyar na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ciwon yana warkewa amma kamar tafiyar hawainiya, wata biyun mudir kuma yana gudu. Wata Talata da kowa ya fita, na ce zaman nan ne zai kashe ni. Na cusa ƙafar da bandejinta cikin takalmin sefti, na ɓoye sanduna a bayan ƙofa, na hau bas zuwa gareji. Na san Bitrus yana wani reshen garejin ranar. Na gaishe da mudir da ƙarfi, na ɗauki gudumata na kama ƙofar wata farar jif. Awa uku ina tsaye ina duka. Ban taɓa jin daɗin ƙarar ƙarfe kamar ranar ba. Ƙafar kuwa, kamar yadda likita ta faɗa, ba ta ce mini uffan ba.

Da na dawo ɗaki takalmin ya ƙi fita, sai da Seidu ya yanka shi da reza. Bandejin ya koma ja da ruwan ɗorawa. Ɗinkin ya buɗe. Jan kumburin da ya ja baya sosai ya sake hawowa, tsakaninsa da layin biro bai fi faɗin yatsa ba. Seidu ya zage ni da Hausa, ya zage ni da Turanci, ya ƙare da yaren Asante. Wannan bai dame ni ba, na saba. Bitrus nake jira.

Ya shigo ya duba. Ya je ya wanke hannu, ya shimfiɗa tawul, ya fara ɗiga ruwa. Ko kalma ɗaya.

Da ya mare ni da na gode masa. Shirun nan ya fi ƙarfina, sai bakina ya yi abin da ya saba.

“Kai wane irin mutum ne? Zage ni mana! Ko lada kake tarawa da ni, ka je cocinku ka ba da labarin ka wanke wa wani tsohon Musulmi ruɓa?”

Hannunsa ya tsaya. Ya sauke ƙafata kan matashi a hankali, ya tashi ya fita. Seidu ya dube ni ya ce, “Masta, yau ka yi asara.” Ni ma na ɗauka shi ke nan. Na kwanta ina kallon layin biron nan, ina tunanin yadda za a gunguro ni a keke a filin jirgin Kano, Hajara tana neman sauran mijinta.

Can ya dawo. Ya sake wanke hannu tun daga farko, ya zauna ya ɗauki ƙafar.

“Raina ya ɓaci, Baba, shi ya sa na fita. Ba na taɓa ciwo da fushi a hannuna.”

Ya ci gaba da ɗiga ruwa, kansa a sunkuye.

“Wata huɗu da zuwana nan aka haifa mini 'ya. Yanzu har tana gudu. Ban taɓa yi mata wanka ba. Gwada ruwa da gwiwar hannun nan, a waya na gani uwarta na yi. Ba lada nake nema da kai ba. Hannun ne ba shi da inda zai sauka.”

 Na juya fuska bango na ce esin nan yana sa mutum hawaye, a rage shi.

Bai yarda mu kwana ba, a take ya nemo tasi. Aka sake kwantar da ni kwana huɗu da ƙarin ruwa a hannu. Likita 'yar Zariya ta yi mini faɗan da ko uwata ba ta yi mini ba, tana cewa “Baba” a farkon kowace jimla don ya fi shiga. Kowace safiya ta zo ta ɗaga zane ta duba layi, ni kuma in duba fuskarta. A rana ta uku jan ya tsaya. A ta huɗu ya fara sauka. A gadon nan na kira Hajara na nuna mata ƙafar. Ta yi kuka, sannan ta ce tun ranar da na fara jan bargo ta san ƙarya nake, don ban taɓa jin sanyi ba a rayuwata.

Na koma ƙarƙashin gadon Bitrus na yi wasu makonni shida, kuma wannan karon na kwanta da gaske. Shi da Seidu suka je suka sami mudir, ban san me suka gaya masa ba, ya dai yarda in na tashi in riƙa aikin zaune, shafa fila mai cike lotsawar mota da goge ta da samfefa. Guduma sai dai in ji ta a hannun wasu. Ina godiya, amma ba zan ce ba ta yi mini ciwo ba. Ina godiya ga dangi ma, duk da cewa cikin masu aiko magani babu wanda ya ce mini “je a gwada jininka.”

To ku ji, 'yan gareji. Man birki na mota ne. Wanda ya ga yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko ƙafarsa na yi masa kamar ya sa safa alhali bai sa ba, ya je a soki yatsansa, minti ɗaya ne. Kullum in kun cire takalmi ku duba tafin ƙafa, in wuya ba ta lanƙwasa ku sa madubin mota, ai ba ma rasa shi. Kada ku gasa ƙafar da ba ta jin zafi. Kuma ku lura da wanda kuke yi wa dariya a ɗaki.

Ranar da likita ta sa auduga da sifirit ta goge layin biron, ta ce in fara takawa kaɗan-kaɗan da wani takalmi mai laushi da farar safa, fara don ko ɗigo ya fita a gani. Juma'ar da ta biyo na ce sai masallaci, wata uku rabona da jam'i. Masallacin yana bayan gininmu, lafiyayye minti biyar ne. Seidu ya ce shi ba zai rasa sahu saboda ni ba, ya wuce. Bitrus ya riga ya sa farar rigarsa, don ranar taron rana ne da su, motar cocinsu tana jira a bakin titi wajen kasuwar Asian Town. Ya dubi agogo, ya dube ni a bakin matakala, ya miƙo mini hannu.

Muka sauka mataki ɗaya-ɗaya. In na yi sauri sai ya tsaya cak kamar jaki, sai na rage. Kowace inuwa muka samu sai ya ce a huta. Muna jin huɗuba a lasifika tun daga farkonta har ƙarshenta, muna jin an tayar, muna jin raka'a ta farko. Muka iso bakin ƙofa liman yana sallamewa, jama'a suka ɓarko waje suna neman takalma.

“Ka gani ko? Ka sa na rasa Juma'a.”

“Ni ma motarmu ta tafi tun ɗazu. Shiga ka yi sallarka, ina nan.”

Na shiga na yi azahar raka'a huɗu a kan kujerar tsofaffi. Da na fito yana tsaye a 'yar inuwar bango, rigar ta manne masa da gumi. Ya zaunar da ni a kan dakali, ya durƙusa a gaban mutanen da ke wucewa, ya ɗaga ƙafar ya juya ta, ya duba safar sama da ƙasa.

Fara fat.